Hawan da Ya Cinye Kulocin Ƙanina

Mun daɗe ni da ƙanina muna shirin wannan tafiya: mu bar kwalta, mu bi tsohuwar hanyar da ta ratsa wani busasshen kogi ta haura duwatsu, mu sauka ta ɗaya ɓangaren, sannan mu zagayo gida ta babban titi. Baburan namu duka na daji ne, masu doguwar ƙafa da taya mai haƙora, injin 250. Nawa mun daɗe tare, na san halinsa. Nasa kuwa na hannu ne, bai jima da sayensa ba, kuma wanda ya sayar masa ya tabbatar masa an yi juyen baƙin mai ana gobe za a yi cinikin.

Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, tun ana jibi za mu tashi na zauna na bi baburan ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaure sarƙa, na wanke matacin iska, na duba birki, sai na dawo kan kuloci. Abin da nake fara dubawa shi ne ɗan wasan da hannun kuloci ke yi kafin waya ta fara ja. A yawancin babura ana barin milimita 2 zuwa 3 a gindin hannun, wanda in aka auna daga can ƙarshensa zai kai 10 zuwa 20. Na daidaita duka biyun, na ɗiga wa wayoyin mai, na leƙa kan wayar inda ta shiga hannu, don a nan ta fi tsinkewa, sili ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ɗaura wa kowane babur sabuwar waya a gefen tsohuwar, na naɗe bakinta da leda saboda ƙura. A jaka na sa sifanu, sukuddireba, samfefa, hannun kuloci guda na ko-ta-kwana, da gorar baƙin mai ta babur.

Da asuba muka tashi. Babu abin faɗi game da kwalta, sai dai tayar daji ba ta son ta, tana ta kuka har muka isa garin da titin ya ƙare.

A bakin garin akwai shingen bincike. Jami'in ya duba takardunmu ya miƙo mana, amma idonsa na kan sitiyarina. Ya sa yatsa ya taɓo wayar da ke naɗe da leda.

"Wannan ta mene ce? Ina ta nufa?"

"Ba ta nufi ko'ina ba, yallaɓai. Ta kuloci ce. In ta farko ta tsinke a daji, sai in ɗaura wannan ba sai na cire tanki ba."

Ya bi ta da hannu har ƙasa, ya ga gaskiya ne, ya yi dariya ya ce shi ma yana da babur, kuma da wayarsa ta tsinke turawa ya yi har gida. Kafin ya ɗaga mana sandar ya gaya mana cewa yashin kogin ya yi zurfi bana, mu shiga da wuri kafin rana ta take.

Ba mu shiga da wuri ba, don hanyar da ke kai wa kogin ta ci mana lokaci. Rana tana tsaka muka sauka cikin rairayi. Wanda bai taɓa hawan babur a yashi mai zurfi ba zai ɗauka ƙarfin inji ne kawai ake buƙata. A kwalta, kuloci na tashi ne da canza giya, daƙiƙa ɗaya ka ja ka saki, sauran tafiyar yana kulle yana hutawa. A yashi kuwa tayar gaba tana nutsewa, ta baya tana tona rami, inji yana neman mutuwa, sai hannu ya kai kan kuloci da kansa. Ka ja shi rabi, inji ya farfaɗo, ka saki kaɗan, ka sake ja. Duk lokacin da yake a rabin nan farantan cikinsa suna gogar juna ne, kuma ƙarfin da bai kai taya ba zafi yake zama. Ni dai na sauko giya ta biyu, na koma baya a kan kujera, na buɗe totur na saki kuloci gaba ɗaya na bar babur yana lilo yadda ya ga dama. Ƙanina tsoron gudu ya kama shi. Yana giya ta uku, yana tafiya a hankali, yatsunsa biyu ba su bar hannun kuloci ba. Ina jin injinsa a bayana yana ihu, babur ɗin kuwa rarrafe yake.

Da muka fita kogin muka zauna a inuwa, ya ce mini, "Yaya, kulocina ya saki. Hannun ya yi laushi sai da na murɗa wancan abin na gyara shi." Ina fama da ƙishirwa, maganar ta wuce. Abin da ya faru shi ne, zafi ya sa farantan sun kumbura, wasan hannun ya ƙaru har kuloci ba ya rabuwa sosai, shi kuma ya murza ƙaramin notin da ke gindin hannun ya kwashe wasan duka. A lokacin gyara ne mai kyau, masu tsere ma haka suke yi ana cikin gudu. Sharaɗinsa ɗaya ne, in inji ya huce a mayar da shi inda yake.

Mun kwana a wani ƙauye da ke gindin duwatsun, a ɗakin da wani manomi ya ba mu. Dare ya yi sanyi sosai, ƙarfe ya koma girmansa, waya ta ɗame. Da safe kulocin ƙanina ba shi da wasa ko kaɗan, wato ko bai taɓa hannun ba, wayar tana ɗan ɗage murfin da ke danne farantan. Babur ya tashi lafiya, ya yi tafiyar fili lafiya, babu wanda ya lura.

Hawan ne ya tona asirin. Hanya ce ƙunƙunta da ruwa ya zaizaye, duwatsu a kwance a warwatse, ga kwana a kan kwana. Muna tsakiyar wani dogon hawa na ji ƙarar injinsa ta tashi sama ba tare da ya matso ba. Na tsaya na waiwaya. Totur a buɗe, giya a ciki, tayar baya ba ta ko juyawa. Sai warin ya iso ni, warin baƙin mai da ya dahu haɗe da ƙauri, wanda duk wanda ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa. Na daka masa tsawa ya kashe inji. Murfin kuloci ba ya taɓuwa don zafi. Na kama hannun kulocin na ji shi ɗam, babu ko ɗigon wasa.

Na sassauta wayar, muka zauna muka jira ya huce. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa a ci gaba da tafiya. Namu bai isa ba. A fili babur ɗin yana motsawa, da ya ga tudu sai inji ya yi ta ihu a banza. Haka muka juya shi, muka gangaro da shi a firi muka koma ƙauyen, hannu a kan birki, gumi har cikin takalmi.

Manomin ne ya kai mu wajen wani dattijo da ke gyaran injin ban ruwa da duk wani abu mai filogi. Ba shi da shago, inuwar bishiya ce da akwatin ƙarfe. Ya saurari bayaninmu bai ce komai ba, ya buɗe murfin zuba mai ya sa yatsa ya shinshina, ya murza man tsakanin yatsu.

"Samari, wa ya zuba muku wannan?"

"Wanda ya sayar da shi ne, Baba," in ji ƙanina.

"To, ya zuba. Amma ban ce muku na babur ya zuba ba."

Na so in fara zubar da man, ya ce in dakata. Ya rufe famfon fetur, ya shimfiɗa buhu, muka kwantar da babur ɗin a kan ɓarinsa na hagu, ɓangaren kuloci yana kallon sama. Mai ya gangara ya koma ɗaya gefen, murfi ya buɗu ba tare da an yi asarar ɗigo ba, kuma ƙasa ba ta samu hanyar shiga ba. Kusoshin murfin ba tsayinsu ɗaya ba, don haka ya zana siffar murfin a kan kwali, duk wadda ya kwance sai ya soka ta a gurbinta. Ya ɗan bubbuga murfin da ƙotar sukuddireba, ya ɗaga shi a hankali don kada gasket, siririn shimfiɗin da ke hana mai yoyo, ya yage, tunda babu wani a nan kusa.

A nan ƙanina ya fara ganin cikin abin da ya yini yana azabtarwa. Akwai kwando na waje, wanda inji ke juyawa, da cibiya a tsakiya wadda ke haɗe da giya. Tsakaninsu farantai ne a jere, ɗaya na faiba ɗaya na ƙarfe, ɗaya na faiba ɗaya na ƙarfe. Na faiban suna da kunnuwa a waje da suka shiga tsakanin yatsun kwando, na ƙarfen suna da haƙora a ciki da suka kama cibiya. Sifirin ne ke danna wani murfi na ciki ya matse su su zama abu guda, ƙarfin inji ya wuce taya. Ka ja hannu, murfin ya ɗaga, su rabu. Kuma duka a cikin baƙin mai suke wanka, shi ke sanyaya su, a yawancin baburan nan kuma man da ke cikin inji shi ne dai na giya da kuloci.

Dattijon ya kwance kusoshin sifirin kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, ba a jere ba. Ya zaro farantan yana ajiye su a kan tsumma yadda suka fito, bai juya ko ɗaya ba. Na ƙarfen sun yi shuɗi, wasu har da ɗigon baƙi-baƙi inda zafi ya taru. Na faiban sun yi baƙi wuluk, fuskarsu ta yi sheƙi kamar bayan tsohon cokali, ka shafa ba ka jin kaushi ko kaɗan. Biyu na tsakiya sun fi lalacewa, don can ne zafi ya fi rasa hanyar fita.

Sababbin farantai babu su a ƙauyen, don haka dabara ya yi. Ya ɗora samfefa a kan wani guntun gilashi, ya ɗauki farantan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya yana gogawa a zagaye har sheƙin ya mutu. Na faiba ya ɗan taɓa su sama-sama, ya ce in aka matsa musu abin da ya rage ne zai tafi. Ya wanke su tas don kada ƙwayar samfefa ta shiga inji. Sannan ya juye wani gwangwani cike da tsofaffin filogi, ya cire ƙananan zoben ƙarfen da ke gindinsu, ya sa ɗaya a ƙarƙashin kowane sifirin. Zafi ya kashe ƙarfin sifirin ɗin, farantan kuma sun sirance, zoben zai ƙara musu matsi. Na tambaye shi ko mu sa bibbiyu.

"A'a, ɗana. In ka cika, sifirin zai haɗe kafin murfi ya ɗaga, ka ja hannu kuloci ya ƙi rabuwa. Wannan ba gyara ba ne, rakiya ce zuwa gari."

Ya mayar da komai yadda ya fito, muka tayar da babur tsaye, sai a lokacin muka zubar da man. Ya fito baƙi ƙirin da ɓurɓushin faiba a ciki. Na zuba nawa. Ban san ainihin abin da mai sayarwar ya zuba ba face abin da dattijon ya ji a yatsunsa, amma zargin nasa yana da tushe. Man mota na zamani da yawa ana sa masa sinadarin rage gogayya don a rage shan fetur, kuma kulocin mota a bushe yake, man ba ya taɓa shi. Kulocin babur kuwa da gogayyar yake aiki. Saboda haka ne Japan ta fitar da ma'aunin JASO na man babur a 1998. Wanda aka rubuta wa MA shi ne na kuloci mai wanka a mai, daga baya a 2006 aka ƙara MA1 da MA2, MB kuma na ƙananan babura ne marasa giyar ƙafa. Haruffa biyu ne a bayan gora, mutane da yawa ba su taɓa juya gorar sun duba ba. Ni a ganina man ne ya raunana kulocin, yashi ya dafa shi, ɗamammiyar waya ta ƙarasa shi.

Mun sake kwana a ƙauyen, washegari da sanyin safiya muka koma wa hawan. Hannun kulocin ya yi tauri saboda zoben, ƙanina yana ta yarfe hannu. Dokar da na kafa masa ita ce ya tashi a giya ta ɗaya, ya saki kuloci gaba ɗaya da wuri, kada ya sake taɓa shi sai zai tsaya. In zai ƙara giya ya ɗan sassauta totur ya ɗaga ƙafa, za ta shiga ba tare da kuloci ba. Inda hawan ya yi tsanani kuwa ya sauka, inji na aiki, ni ina tura masa daga baya. Duk inda muka huta sai in sa ya taɓa hannun ya gaya mini ko wasan yana nan.

A can saman muka tarar da wani matafiyi shi kaɗai, ya jingine baburinsa ƙirar KTM yana hutawa. Ya ga yadda muke lallaɓa babur ya tambayi dalili. Nasa kulocin ba na waya ba ne, na ruwa ne, wanda ke daidaita kansa ko farantai sun kumbura ko sun ci, don haka abin da ya sami ƙanina da noti ba zai same shi ba. Sai dai ya ce shi ma yana da nasa ciwon kan. Wasu kulocin ruwa na kamfanin Magura man ma'adini suke sha, na kamfanin Brembo kuma ruwan birki nau'in DOT, in aka zuba wa ɗaya na ɗaya robobin ciki su kumbura su lalace, shi ya sa yake karanta abin da aka rubuta a kan murfin tukunyar ruwan kulocin kafin ya ƙara ko ɗigo. Ya kuma ba mu labarin kulocin Rekluse da ake yi a Amurka, wanda ke kamawa da kansa in inji ya ɗauki gudu ya saki in ya sauko, babur ba ya mutuwa a kan dutse. Ƙanina ya washe baki, ya ce abin da ya dace da shi ke nan. Mutumin ya ce kada ya yi saurin murna, wanda ke hawan tudu a babbar giya zai ƙona wancan ma, sai dai ba zai ji a yatsansa ba.

Gangarar ɗaya ɓangaren ba ta buƙaci kuloci sosai ba. Akwai rafi guda da muka tsallaka, ruwa har gwiwa, da muka fita na duba man duka baburan in ga ko ya yi fari-fari, alamar ruwa ya shiga. Lafiya lau.

A babban garin da ke ƙasa muka sami masauki, muka sami farantai da sifirin da gasket na irin babur ɗin, wani makanike kuma ya ara mana benci da ma'auni. Tun da dare na jiƙa sababbin farantan faiba a cikin baƙin mai, don in aka sa su a bushe tashin farko ne zai ƙona fuskarsu. Da safe muka auna tsofaffin don ƙanina ya gani da idonsa. Sabon faranti a irin waɗannan babura kaurinsa kusan milimita 3 ne, kuma abin da littafin babur ya yarda ya ci ɗan kaɗan ne cikin goma na milimita ɗaya. Ido ba zai ga bambancin a faranti ɗaya ba, sai an tara na bakwai. Na ƙarfen muka ɗora su a kan gilashi muna zura siririn ma'auni a ƙarƙashi. Iyakar lanƙwasar da ake yafewa ba ta wuce milimita 0.1 zuwa 0.3 ba, gwargwadon kamfani, kuma uku daga cikinsu sun wuce ta. Lanƙwasasshen faranti ba ya barin kuloci ya rabu tsaf, shi ne za ka ga babur yana jan jiki alhali ka danne hannu, firi kuma ta yi wuyar samu. Sifirin ɗin ma da muka jera su kusa da sababbi duk sun gajarce. Muka canza duka. Ban ga amfanin sa sabon faiba a kan karkataccen ƙarfe da mataccen sifirin ba.

Da farantan suka fita gaba ɗaya sai ga wani abin da ba mu lura da shi a ƙarƙashin bishiya ba. Yatsun kwandon, da yake na alminiyom ne, kunnuwan farantai sun sassare su sun yi tsaga-tsaga, kana jan farce kana jin yana maƙalewa. Wannan ba aikin yashin kogin ba ne, tsohon ciwo ne da aka sayo tare da babur ɗin. Farantai suna faɗawa cikin tsagar su ƙi zamewa, kuloci ya riƙa fizga. Makaniken ya kawo magagari, muka toshe ramukan inji da tsumma, na goge tudun tsagar a hankali, kowane yatsa daidai da ɗan'uwansa. Gogewar tana ƙara faɗin gurbin, kunnuwa su sami filin dukan da ya fi na da, don haka tsagar za ta dawo da sauri. Ta dai isa ta kai mu gida.

Wajen mayarwa, farantan ƙarfe suna da gefe mai kaifi da gefe mai santsi saboda yadda aka buga su, muka sa su duka suna kallon waje ɗaya. Faiba ne farko, faiba ne ƙarshe. Kusoshin sifirin ƙanana ne, ƙarfin ɗauri kusan Newton-mita 10 kawai suke so, kuma a cikin alminiyom suke shiga, wanda ya nuna musu ƙarfi zai karya gindinsu ya sayi cibiya. Na bar ƙanina ya ɗaure su da kansa, wannan sannan na daura da shi. Shi ya daidaita wayar ma, babban gyaran a notin ƙasa kusa da inji, ya bar na hannu a tsakiya don a sami abin murzawa a hanya.

Gwajin a kan kwalta muka yi shi. Ya sa babbar giya yana tafiya a hankali, ya buɗe totur gaba ɗaya. Inji ya yi gurnani, gudu da ƙara suka tashi tare, babu wanda ya riga wani. Bayan tafiya kaɗan muka tsaya muka sake duba wasan, don sababbin farantai suna zama, ya kuwa ragu, aka ƙara masa.

Dawowa ta babban titi ba ta da labari sai iska da manyan motoci. Da muka iso na sa ya sake juye man ya canza matacinsa, saboda ɓurɓushin ƙonannen faiba ba ya fita a juye ɗaya. Zoben filogin suna cikin akwatin kayan aikinsa. Kwandon kuwa mun yi odar sabo, kuma kafin ya iso na hana shi shiga yashi da babur ɗin.